Goɗiyar Amana da Furen Albasa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, a yi sallama da mutum ba a san ko za a sake ganinsa ba. Sunansa Jatau. Baduku ne, wani bawan Allah da ba shi da komai sai allurarsa da wuƙarsa da matarsa Tasalla. Ku matso ku saurara, sanyin nan ba zai kashe kowa ba kafin a kira magariba.

Jatau ya shekara ashirin yana ɗinka wa mutane kayan doki. Sirdin wane, ragamar wane, duk ta hannunsa suka bi, amma shi ko jaki bai taɓa ɗaurewa a gidansa ba. Ga shi kuwa Allah ya jarabce shi da son doki. In doki ya wuce ta ƙofar rumfarsa sai ya ajiye allura, ya bi shi da ido har ya ɓace. Kowa da abin da ransa ke so, jama'a. Wani nama, wani sarauta, shi doki.

To akwai wani bafatake a garin, Isiyaku, yana da goɗiya ana ce mata Gunya. Da ya yi niyyar aikin hajji, sai ya jawo ta har ƙofar Jatau.

"Jatau, ga amana. Ka riƙe mini ita har in dawo, in Allah ya yi da dawowar."

Jatau ya ce, "Ni? Ga masu barga a gari?"

Isiyaku ya ce, "Masu barga suna da nasu, tawa za ta zama 'yar riƙo. Kai kuwa ba ka da wata. Ka riƙa hawanta kowace safiya, kada ƙafarta ta yi sanyi."

Allahu Akbar. Daga ranar nan, in an idar da sallar asuba gari ya waye, sai Jatau ya ɗaura sirdin da ya ɗinka da hannunsa, ya hau. Ba ya sukuwa, ba ya nuna wa kowa bajinta. Tafiya kawai, sannu a hankali, sirdi na ƙara a ƙarƙashinsa, numfashin goɗiya na fita kamar tururin koko. Ya gaida wannan, ya gaida wancan, ya gangara fadama ya zagayo. In ya dawo sai ya ce, "Tasalla, ashe duniya ta fi faɗi daga bisa doki." Ita kuwa ta ce, "To sauko ka sha kunu, ka ga faɗin ƙwarya."

A fadamar nan akwai lambun wani tsoho, Baba Tunau. Shi ba ya cire albasarsa ya kai kasuwa kamar kowa. Barinta yake yi a ƙasa har ta yi fure, don a wurinsa duk garin ke samun iri. In sanyi ya shiga sosai, sai kara ya miƙe ya kai ƙugun mutum, kowane kara da farin dunƙule a kansa, lambu ya yi fari fat kamar an shanya auduga. Saboda abincin gari na rataye a wurin, sai Sarkin Noma ya kafa doka: duk dabbar da ta shiga lambun iri ta yi ɓarna, ta zama ta mai lambu. Babu roƙo, babu biko. Kuma aka zagaye lambun da darni mai tsawo. Mai tafiya a ƙasa darni kawai yake gani. Mai doki ne ke ganin abin da ke ciki.

Kullum Jatau sai ya tsaya jikin darnin nan, ya yi ta kallo yana tasbihi. Wannan ba laifi. Kallon halittar Allah ai ibada ce.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Wata safiya, a sanyi na biyu da tafiyar Isiyaku, ya iso ya tarar ƙofar darni a buɗe. Baba Tunau ya tafi wajen suna. Sai zuciya ta ce masa, shiga kaɗan, ka gani kusa. Kaɗan! Jama'a, Shaiɗan bai taɓa ce wa kowa shiga da yawa ba. Jatau ya karkata linzami, ya bi 'yar hanyar da ke tsakiya. Ya manta furen albasa ba shi kaɗai ke sonsa ba, ƙudan zuma sun riga shi zuwa. Goɗiya ta kai hanci, ɗaya ya harbe ta. Ta yi haniniya, ta miƙe, ta faɗa cikin fure. Ya ja ta nan ta yi can, ya ja ta can ta yi nan. Kafin ya shawo kanta, rabin lambun ya kwanta.

Ya duba dama. Ya duba hagu. Ba kowa.

Ba zan ɓoye muku abin da ya yi ba, don bawan Allah ba wanda bai taɓa zamewa ba ne. Rafi ya nufa. Ya sauka cikin ruwan sanyin nan, ya ɗebi yashi ya wanke ƙafafun goɗiya ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke nasa. Ya sansana, ya sake wankewa.

Yana shiga gida Tasalla ta ce, "Malam, me ke warin albasa haka?"

Ya wuce ta ya fita. Ya zauna rumfa, sau bakwai yana neman zura zare a allura ya kasa. Duk wanda ya yi sallama sai gabansa ya faɗi. Tsoro ne ya kama shi.

Da hantsi sai ga hayaniya: an kama mai ɓarna! Wa aka kama? Wani baƙo ne, ɗan koli, gurgu, sunansa Mijinyawa, yana yawo gari gari a kan ɗan ƙurun dokinsa yana sayar da allura da zare. Ƙurun ya kwance da safe, aka same shi yana kiwo a bakin fadama. Sawun kofato kuwa, jama'ar da suka ruga kallo sun tattake shi. Baƙo ne, ba shi da kowa, ga doki, ga ɓarna. Mutane ba su nemi ƙarin shaida ba. Aka ce bayan azahar za a yanke magana a ƙofar Sarkin Noma.

Jatau ya shiga cikin gida ya faɗa wa matarsa gaskiya. Ta dafe ƙirji. Sannan ta rage murya.

"Malam, ka yi shiru. Allah ya rufa maka asiri, kada ka tona da kanka."

"Gurgun fa?"

"Goɗiyar fa? Taka ce da za ka bayar? Amana ce. Mutum yana can ɗakin Allah hankalinsa kwance. In ya dawo ya ga turke ba komai, me za ka ce wa Isiyaku?"

Jatau ya ce, "In na yi shiru, me zan ce wa Ubangijin Isiyaku?"

Kada ku zagi matar nan. Ba ƙarya ta yi ba, goɗiya amana ce. Abin da ya sa jarabawar ta yi nauyi ke nan, gaba kura baya siyaki. Ya je cire sirdi don ya samu abin yi da hannunsa, sai ga dunƙulen fure ɗaya maƙale a majayi, wato abin da ake ɗaure sirdi da shi ta cikin doki. Ya wanke ƙafa huɗu ya manta da nan. Ya tsaya yana kallonsa. Ga murhu kusa, wuta na ci. Sai ya naɗe majayin da furen, ya sa cikin riga.

Bayan azahar gari ya taru. Baba Tunau na zaune gefe, idonsa ja. Gurgu na ƙasa, ya rungume ƙafar ƙurunsa yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan ba doki ba ne, ƙafata ce. In kun karɓe shi a nan zan ruɓe. Wallahi ban san ya shiga ba."

Sarkin Noma ya ce, "Rashin sani ba ya tayar da fure. A kwance shi."

Sai Jatau ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Ni ne, da Gunya."

Kun san abin da mutane suka yi? Murmushi suka yi. Sarkin Noma ya ce, "Haba Jatau, mun san ka da tausayi. Ba a ɗaukar laifin wani a kai don jinƙai. Zauna."

Kun ga ƙofa ta biyu ta buɗe, ta ma fi ta farko faɗi. Ya riga ya faɗa, an ƙi yarda. Da ya zauna, da ya tsira da goɗiya, ya ƙara da yabo. Gwiwarsa ta so zama, wallahi ta so. Sai ya sa hannu cikin riga ya fito da majayi ya ajiye gaban Sarkin Noma.

"A sansana wannan. A sansana ƙafar ƙuru."

Aka sansana. Majayi na warin albasa, ƙafar ƙuru ba komai.

Sarkin Noma ya ce, "Doka doka ce. A sakar wa baƙo dokinsa, a kawo goɗiya."

Jatau ya durƙusa gaban tsoho. "Baba, ba tawa ba ce. Ka ɗauke ni a maimakonta."

Baba Tunau ya ce, "Shekara arba'in ina tsaron irin nan, yaro. Fari bai cinye shi ba, fara ba ta cinye shi ba, sai kai da son kallonka." Ya karɓi ragama. "Harawa ce ba ni da ita."

"Ni zan kawo, Baba."

"Ka kawo. Amma ba ka ƙara hawanta."

Haka aka yi. Shekara guda cur, Jatau na yanko ciyawa ya kai gidan tsoho, ya share turke, ya ɗauki taki a ka ya kai lambu, ya ja jigo ya ba fure ruwa. Da safe ya ja goɗiya a hannu ya zagaya da ita, shi a ƙasa, bayanta ba kowa. Masu tsiya na cewa, "Ga mai dokin da ke tattalin sirdi." A shekarar iri bai ishi gari ba, wasu ko gaisuwarsa ba sa amsawa. Duk wannan bai dame shi kamar abu ɗaya ba. Duk ranar da aka ce ayari ya shigo gari, sai hankalinsa ya tashi. Mutumin da ke addu'ar Allah ya dawo da amininsa lafiya, ga shi yana tsoron ranar dawowar. Ya ji tsoron, ya yi istigfari. Ya sake ji, ya sake yi.

Sanyi ya zagayo, sai labari ya iso: mahajjata na hanya, saura kwana uku, da Isiyaku a ciki. Tasalla ta ce, "Je ka roƙi tsohon nan." Ya ce, "Da wane baki?"

Ana gobe za su iso, ya kai taki lambu, goɗiya na biye da shi. Fure ya buɗe, ya fi na kowace shekara. Ya ɗaure ta nesa da darni, ya sunkuyar da kai don kada ma ya kalla. Baba Tunau ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Wai ni yaro, me ka gani ran nan da har ka shigo? Albasa ce fa."

"Baba, daga bisa ba haka take ba."

Tsoho ya dubi darni. Can ya ce, "Jawo ta nan bayan darni. Kife mini kwandon can."

Jatau ya tallafe shi, tsoho ya taka kwando, ya hau. Mutumin nan bai taɓa hawa doki ba a rayuwarsa. Ya riƙe gashin wuyanta da hannu biyu, ya ɗaga kai, ya ga lambunsa gaba ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, fari fat, iska na kaɗa shi. Da ya buɗe baki sai hawaye.

"Shekara arba'in ina durƙushe a gindinsu, ban taɓa ganinsu ba sai yau."

Da ya sauko, ya kama hannun Jatau ya sa masa ragama a ciki. "Kai wa mai ita. Amma ka faɗa masa komai."

"Ko ba ka ce ba, Baba."

Washegari Isiyaku ya tarar da goɗiyarsa a turke. Kafin ya sha ruwan sannu da zuwa Jatau ya zayyana masa duka, har wankin ƙafa a rafi bai rage ba. Isiyaku ya ce, "Da ka cece ta da dokin gurgu, da ban sake ɗora ƙafata a kanta ba."

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ba a tsare amana da zalunci. In ka yi laifi aka kama wani, shirunka laifi ne na biyu, kuma ya fi na farko. Ku lura, ranar da Jatau ya miƙe bai san za a mayar masa da komai ba. Abin da ya sani kawai, ga gurgu a ƙasa.

Mu fa? Ka ari babur ka goge motar mutum, ka duba dama ka duba hagu ka wuce, aka kama mai gadi. Akuyarki ta cinye shukar maƙwabta aka ɗaure ta wata, kin ji kin ja bakinki. Ka lalata aiki a shago aka kori abokin aikinka, kai kana nan ana ce maka mutumin kirki. Kun wanke a rafi, na sani. Wanda ke zaune a nan yana jin warin albasa a hannunsa ya san kansa, ba sai na nuna shi ba. Ya tashi ya je ya faɗa tun ba a kwance dokin gurgu ba.

Allah ya ba mu ƙarfin miƙewa ranar da gwiwa ke son zama. Ku tashi mu yi alwala.