Hoton Da Surajo Ya Datse

A Talata Mafara an yi wani saurayi mai suna Surajo, ɗan shekara ashirin da huɗu, mai shagon tsara katin biki da fosta a bayan tasha. Allah ya ba shi hannu wajen gyaran hoto, ga fara'a, ga iya karɓar mutane. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. In aka ce wane ya iya, sai ka ga yana murmushi, amma a ranar abinci ba ya yi masa daɗi.

Bayan La'asar samari kan taru a ƙofar shagonsa su buga gem ɗin yaƙi a waya, irin wanda mutum huɗu ke haɗa ƙungiya su kara da wasu. Shekara biyu Surajo ne gwani. Da an tashi wasa sai ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura zaurensu na WhatsApp, amma kafin ya tura sai ya ɗan taɓa shi. In mutum shida ya kayar, ya mayar da su tara. Ba wanda ya lura, shi kuma bai ɗauki abin a matsayin ƙarya ba.

Ana haka Mujahid ya zo garin. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Faru, a ƙasar Maradun. Hare-haren 'yan bindiga ne suka taso shi da mahaifiyarsa, Inna Taibatu, suka kama ɗaki, shi kuma ya samu aiki a wani garejin babura. Surajo ne da kansa ya koya masa gem ɗin. Cikin wata uku Mujahid ya wuce kowa, da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Hotunan da yake turawa ba ya gyara su, bai ma iya ba, amma lambobin da ke jikinsu sun fi waɗanda Surajo ke ƙarawa.

Da aka shirya gasa tsakanin samarin Mafara da na Bakura, sai Joseph, ɗan wani malamin makaranta kuma ɗan ƙungiyarsu, ya ce a ba Mujahid jagoranci. Kowa ya amince. Surajo ma ya ɗaga hannu, har da tafa wa Mujahid kafaɗa. Amma tun daga ranar, ko sunan Mujahid ya gani a waya sai ƙirjinsa ya yi zafi.

Wata ranar Asabar suna atisaye, Mujahid ya rubuta wa 'yan ƙungiyar a cikin wasan: "Ku shigo ta gabas, masu gadi biyu ne kawai. Ku bari sai sun juya baya." Surajo ya ɗauki hoton allon. Washegari da hantsi ya zauna gaban kwamfutarsa. Ya datse saman hoton da ƙasansa, ya goge taswirar wasan da sunan wasan, ya bar sunan Mujahid, ya sauya launin bayan rubutun har ya koma kamar saƙon waya na yau da kullum. Sannan ya ƙara kalma biyu, "garin Faru", bayan "Ku shigo". Ya tura wa wani abokinsa na Bakura mai suna Auwalu, ya rubuta a ƙasa cewa su dai san wanda za su yi wasa da shi.

Abin da Surajo ke so shi ne 'yan Bakura su ƙi bugawa da Mujahid, jagoranci ya dawo hannunsa. Bai yi tunanin komai bayan wannan ba.

Auwalu ya tsorata, ya tura wa yayansa. Yayan ya tura wani zaure. Kafin kwana biyu hoton ya zagaye Bakura da Maradun ya dawo Mafara, wani ma ya haɗa shi da hoton fuskar Mujahid, aka rubuta cewa ga mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu ba su tsaya tambayar inda saƙon ya fito ba.

Ranar Talata, kasuwa na ci, jama'a suka yi wa garejin tsinke. Mujahid na tsugune yana ɗaura sarƙar babur aka fizgo shi. Kafin masu tsaron unguwa su ƙwace shi an fasa masa baki, an karya masa hannun dama. Suka kai shi ƙofar gidan mai unguwa, taron na biye da su yana neman a miƙo shi. Inna Taibatu ta iso a guje ba takalmi, tana rantsuwa cewa 'yan bindigar da ake cewa ɗanta na yi wa aiki su ne suka kashe ubansa. Ba mai saurarenta.

Surajo na cikin taron. Hoton na asali na cikin wayar da ke aljihunsa. Sau biyu ya sa hannu zai ciro ta, sau biyu ya fasa, don ya san in ya nuna za a tambaye shi yadda aka yi.

Joseph ne ya kutsa ya isa gaban mai unguwa. Ya karanta saƙon tun da safe, kalmomin suka yi masa kama da abin da ya sani, ya koma cikin wasan ya nemo hirar. Ya durƙusa ya miƙa wayarsa.

"Ranka ya daɗe, ga maganar nan yadda take. Wasa muke yi. Babu Faru a ciki, wani ne ya sa."

Mai unguwa ya duba hotunan biyu ya daɗe, sannan ya sa limamin unguwa da wasu dattawa suka duba. Ya ce ba wanda zai bar wurin sai an san tushen abin. Aka shiga tambayar kowa wanda ya turo masa, daga wannan zuwa wancan, har aka kira Auwalu a Bakura aka buɗe muryar wayar kowa na ji. Auwalu ya ce Surajo mai fosta ne ya turo masa.

Surajo bai musa ba. Ya ce wallahi bai yi nufin a taɓa kowa ba, gasa kawai yake so a cire Mujahid daga ciki. Mujahid na jingine da bango, hannunsa naɗe da ɗankwalin mahaifiyarsa, ya ɗago ya dube shi.

"Kai ka koya mani wasan ga, Surajo. Da ka ce in bari, da na bari."

Da ƙyar aka shigar da Surajo gidan mai unguwa, aka fitar da shi ta ƙofar baya aka miƙa shi ga hukuma, don taron ya juyo kansa.

Ya yi wata huɗu a tsare. Da ya fito ya tarar babu mai ba shi hotonsa ko na iyalinsa ya gyara, dole ya rufe shagon. Gasar ba a yi ta ba, samarin ma suka watse. Mujahid ya warke, sai dai yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, aikin gareji ya gagare shi. Mai unguwa ya sa an yi sanarwa a masallatai cewa ƙazafi aka yi masa, amma sanarwar ba ta kai inda hoton ya kai ba. Bayan wata shida, a tashar Maradun, wani direba ya gane fuskarsa ya ƙi ɗaukarsa. A makon nan shi da Inna Taibatu suka tattara kayansu suka bar yankin gaba ɗaya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada ba ta tsayawa inda mai ita ya so ta tsaya. Kuma wanda ya saba ƙara lamba a hoton wasa don a yabe shi, wata rana hannunsa ba zai ji nauyin sauya maganar wani ba. Babu laifi ka gyara hasken hoto ko ka rufe sunanka don tsare sirrinka, amma duk gyaran da zai sa mai kallo ya gaskata abin da bai faru ba, ƙarya ce, ko da a wasa ne. Kai kuma da aka turo wa, ka bincika kafin ka tura gaba, domin a ƙarshen wannan saƙo akwai mutum mai rai da uwar da ta haife shi.