Sandunan Baba a Kan Ƙanƙara

Akwai wani manomi a wata ƙasa mai nisa, wanda gidansa ke gindin wani dogon dutse. Dutsen nan ya yi tsawo har sanyi ya mallake samansa, ƙanƙara ta lulluɓe shi rani da damina. Ku da ba ku san ƙanƙara ba sai wadda ake fasawa a jefa cikin zoɓo, ku buɗe kunne da kyau. Wannan ƙanƙarar faɗinta ya fi gonakin garinmu duka, kaurinta kuma ya fi zurfin rijiya, mutum yana tafiya a kanta kamar a kan daɓe.

A ƙasar nan ruwan sama ba ya isa noma. Amma can kusa da ƙololuwar dutsen akwai wani tafki, inda ruwan ƙanƙara ke taruwa idan zafi ya fara. Kowace shekara bayan an yi shuka, sai wani ya hau, ya ƙetare ƙanƙarar, ya kwashe duwatsun da aka toshe bakin tafkin da su, ruwa ya gangaro gonaki. In ba a buɗe da wuri ba, shuka ta ƙone, gari ya kwana da yunwa. Wannan aiki kuwa na gidan manomin nan ne tun kakanni.

Mahaifinsa ya yi aikin har tsufa. Shi ne ya kakkafa sanduna a kan ƙanƙarar daga wannan gefe zuwa wancan, domin ƙanƙara tana da tsagogi masu zurfi waɗanda dusar ƙanƙara ke rufe bakinsu, mai tafiya ba ya ganinsu sai ya taka. Wanda ya bi sandunan ya tsira. Manomin ya sha bin bayan mahaifinsa, amma kullum sai ya tarar da sandunan a jere, shi dai nasa bi ne kawai. Ana nan cikin wani sanyi tsohon ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Manomin yana ƙaunar mahaifinsa ƙwarai. Saboda haka ya yi wa kansa alkawari cewa sandar da hannun Baba ya kafa, ba mai taɓa ta muddin yana da rai. Shekara ta zagayo, ya bi sandunan, ya buɗe ruwa, ya dawo lafiya. Wata shekarar ma haka. Mutanen gari suka yi ta yabonsa, shi kuma kansa ya ɗan kumbura, ko da yake ba ya faɗa.

Sai ga wata shekara zafi ya zo da wuri. Tun ba a gama shuka ba, ganyen da ya tsiro ya fara lanƙwashewa. Manomin ya ɗauki igiya da sandar ƙarfe, matarsa ta bi shi da tata sandar, gama ba a hawa ƙanƙara mutum ɗaya idan zafi ya shigo. Suka ɗaure igiyar a ƙugunsu, shi a gaba, ita a baya.

Tun daga bakin ƙanƙarar matar ta ga abin da bai kwanta mata ba. Dusar da a da take ƙara a ƙarƙashin takalmi yanzu ta yi laushi kamar jiƙaƙƙen gari. Tana jin ruwa yana gudu a ƙarƙashinsu. Jerin sandunan kuma ya lanƙwashe zuwa gangare, wajen da ƙanƙarar ke karyewa. Ta gaya masa a hankali, ya ce idonta ne. Suka ƙara gaba, ta sake magana.

Ta ce, "Maigida, sandunan nan ba inda suke a da suke ba. Ka ɗan bubbuga da ƙarfen kafin ka taka."

Ya juyo ransa a ɓace, ya ce, "Sandunan Baba ne. Ke kika fi shi sanin dutsen nan?"

Sai ta ƙara naɗe igiyar a hannunta, kuma da ma Allah ya ba ta ƙarfi. Manomin ya kai wata sanda a tsakiyar hanya, ya dafa ta yadda ya saba, ya ɗaga ƙafa. Dusar ta burme da shi. Sandar Baba ta riga shi faɗawa, ya ji tana bugun bangon tsagar tana tafiya, har ƙararta ta ɓace bai ji ta kai ƙasa ba. Shi kuma ga shi yana lilo a igiya, sanyi yana shiga ƙashinsa. Matar ta zube a kan dusar, ta caka sandarta, ta kwanta a kai da dukan nauyinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba, sai dai ta riƙe har ya sami wurin sa ƙafa ya fito.

Suka sauko gida ba su buɗe ruwa ba. Hanyarsu ta ratsa ta cikin gonaki, mutane suna tsaye a bakin kwalbatin ruwa busasshe suna kallonsu. Kunya da baƙin ciki suka cika manomin. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a ganinsa mahaifinsa ne ya yaudare shi.

Mahaifiyarsa tsohuwa tana zaune a tsakar gida tana shan hantsi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwashe labari duka ya gaya mata, ya ƙare da cewa bai taɓa gusar da sanda ko ɗaya ba, amma ga sakamakon da ya samu. Tsohuwar ta dube shi ta daɗe, sa'an nan ta girgiza kai, har da ɗan murmushi.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka taɓa tambayar kanka me ya sa sandunan ubanka gajeru ne ba? Lokacin da aka kawo ni gidan nan sun fi shi tsawo."

Ya ce, "Inna, to me ya ci su?"

Ta ce, "Wuƙarsa. Kowace shekara, kafin ya ɗauke ka ku hau, sai ya riga ka zuwa ya tuge su duka, ya sake fiƙe gindinsu, ya kafa a sabon wuri."

Sai ta bayyana masa abin da bai sani ba. Ƙanƙarar nan da ake gani kamar a tsaye take, tafiya take yi, tana gangarawa kaɗan-kaɗan yadda ido ba ya kamawa, kuma duk abin da aka kafa a kanta da shi take tafiya. Mahaifinsa bai taɓa dogara ga sandunan bara ba. Yakan tsaya a bakin ƙanƙarar ya ɗaga ido ya dubi baƙin dutsen nan mai tsini da ke ƙololuwa, wanda ƙanƙara ba ta zama a kansa, ya miƙe sosai zuwa gare shi, yana bubbuga ƙasa da ƙarfe, yana kafa sanda inda ya ji ƙarfi.

Washegari da sassafe, tun dusar tana da tauri, manomin da matarsa suka koma. Da ya kama sanda ta fari zai tuge, sai ya ji kamar zai ci amanar mahaifinsa. Ya daure ya tuge. Ya juya gindinta, sai ga sawun wuƙa a kan sawun wuƙa, tsoho a ƙarƙashin sabo. Nan ya yi hawaye. Sa'an nan ya zaro tasa wuƙar ya fiƙe ta, ya ɗaga ido ya nemi baƙin dutsen. Suka ƙetare sannu a hankali, suka hau har tafkin, suka kwashe duwatsun. Kafin rana ta faɗi ruwa ya shiga gonaki.

To 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Ƙanƙarar ita ce zamanin da muke ciki, wanda ke tafiya da mu ko mun ji ko ba mu ji ba. Sandunan su ne hanyoyi masu kyau da iyayenmu na bangaskiya suka bar mana: yadda ake tarbiyyar 'ya'ya, yadda ake tsara sujada, yadda ake kai bishara. Baƙin dutsen da ba ya gusawa shi ne Yesu Almasihu. Ruwan kuwa Maganar Allah ce, wadda mutane ke jira a ƙasa da ƙishi, ciki har da 'ya'yan da ke gidajenmu.

Dattawa, ku yi mini haƙuri, da ku zan fara. Sau nawa aka kawo shawara a ikilisiya muka rufe ta da cewa haka muka tarar? Waɗanda suka bar mana abin, ai su ba haka suka tarar ba. Sun durƙusa sun yi addu'a, sun dubi Ubangiji, suka kafa abin da ya dace da kwanakinsu. Idan kuma wanda ke riƙe maka igiya ya ce ka bubbuga kafin ka taka, ko matarka ce, ko ƙaninka, ka saurara, gama shi ne zai ɗauki nauyinka in ka faɗa.

Ku kuma matasa da na ga kuna gyaɗa kai kuna murmushi, kada ku yi saurin murna. Manomin bai kwashe sandunan ya hura wuta da su ba. Su ɗin dai ya sake kafawa, yana duban dutsen da mahaifinsa ya duba.

Saboda haka kowa ya koma gida yau ya tambayi kansa: wace sanda nake dafawa don kawai hannun Baba ya taɓa ta? Yaushe rabon da in ɗaga ido in ga ko har yanzu tana fuskantar Dutsen? Shuka tana jiran ruwa, 'yan'uwa. Ubangiji ya ba mu zuciyar tugewa, ya kuma ba mu idon dubansa. Amin.