Ranar da Gurbinta Ya Yi Ja

Akwai wani mutum mai babbar gonar kaji. Ya raba ɗakunan kajin ga ma'aikatansa, kowa da nasa. A ofis kuwa ya sa aka tsara jadawali a kwamfuta, inda kowane ma'aikaci yake rubuta yawan ruwan da kajinsa suka sha a yini. Ya kafa ƙa'ida ɗaya: in ruwan ya kai ma'auni, gurbin lambar ya zama kore, in ya gaza, ya rikiɗe ja da kansa. Gama mai gonar ya san kaza takan rage shan ruwa tun kafin cuta ta nuna a jikinta.

A cikin ma'aikatan akwai wata mata wadda layinta bai taɓa yin ja ba. Tana alfahari da wannan, ba ta kuwa ɓoyewa. In ta wuce gaban kwamfutar sai ta gyara ɗaurin kallabi, ko da ba wanda yake kallo. Kada mu ga laifinta da yawa, gama guminta ne. Ta san kukan kajinta kamar yadda uwa ta san na jaririnta.

Wata rana mai gonar ya ce zai kawo manyan baƙi su ga aikinsa. Da safiyar ranar, matar ta shigar da lambarta, sai gurbin ya yi ja wur. Ta ruga ɗakin kajin, ta tarar suna ta tsattsaga abinsu, ba alamar kome.

Abokin aikinta, mai kula da ɗakin da ke kusa da nata, ya same ta ta dawo gaban kwamfutar. Ya ce, “Haba Yaya, wannan ne ya tayar miki da hankali? Kowa yana iya taɓa ma'aunin layinsa. Ki rage shi kaɗan, nan take zai koma kore. Ni ma haka na yi tun makon jiya.”

Ta ɗora hannu a kan kwamfutar. Yau da baƙi za su zo, yau za a ga ja a gaban sunanta? Kunya ta kama ta ƙwarai. Amma ta tuna da kajin. Ta janye hannunta ta ce, “Ɗan'uwana, in na rage ma'aunin, kajin za su ƙara shan ruwa ne? Bari a gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Da baƙin suka iso, aka buɗe jadawalin. Ko'ina kore shar, sai gurbi ɗaya. Mai gonar ya tambaya, “Na wa ne wannan?”

Ta fito gaba, ta ce, “Nawa ne, Maigida. Ban san dalili ba tukuna.”

Nan da nan ya aika aka kira likitan dabbobi. Likita ya duba, ya ce cuta ce take shirin kamawa, amma an tare ta da wuri. Aka zuba magani a ruwa, kajinta suka tsira. Ɗakin abokin aikinta kuwa ba wanda ya leƙa, tun da layinsa kore ne. Kafin mako ya zagayo, a baro ake kwashe matattun kajinsa.

Sai mai gonar ya tara ma'aikatansa duka, ya tsai da matar a tsakiyarsu, ya ce, “Da wannan nake taƙama. Daga yau na san in ta ce mini kore, kore ne.” Ya danƙa mata kulawar gonar gaba ɗaya. Ta koma gida ran nan kanta a sama, wannan karon kuwa alfaharin ya dace da ita.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Mai gonar shi ne Ubangiji. Ɗakin kajin kuwa ranka ne, da duk waɗanda ya sa a hannunka. Ma'aunin Maganarsa ce, jan gurbin kuma lamirinka ne, wanda yake tsawata maka tun kafin zunubi ya fito fili. Da yawa a cikinmu mun ƙware wajen rage ma'auni. Mukan ce, ai ƙaryar ƙarama ce, ai kowa ma yana yi, ai fushin nan da dalilinsa. Sai zuciya ta yi shiru, mu zo sujada fes, alhali ciwo yana cin mu a ciki.

Ubangiji ba ya jin kunyar ɗan da ya ce, “Nawa ne, Uba.” Da irinsa yake fahariya a gaban mala'iku. In akwai abin da lamirinka ya nuna maka a makon nan, kada ka lallashe shi ya yi shiru. Ka kai wa Mai warkarwa yau, tun da sauran abin ceto.