Ranar da Gizo Ya Shafa Ɗorawa

Ga ta nan, ga ta nanku, har da kai mai gyangyaɗi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Kwaɗayi ne ya kai Gizo wani tsibiri a tsakiyar teku. Abinci ga shi nan birjik, amma tsuntsayen wurin ba su da mutunci, duk ƙwaron da ya leƙo sai su cafke. Gizo ya maƙale cikin ɓawon kwakwa, yunwa kamar ta kashe shi.

Sai ya hango wani malam-buɗe-littafi irin na dare, ana ce masa Ɗan Damisa don rigarsa rawaya ce da ɗigon baƙi. Yana ta yawonsa a gaban tsuntsaye, ba mai taɓa shi.

"Ɗan Damisa, wa ya ba ka asiri?"

"Babu wani asiri, Gizo. Tun ina tsutsa nake cin ganyen nan mai ɗaci, har ɗacin ya kama jikina. Tsuntsu in ya ga rigata sai ya tuna, ya kauce. Ungo, ɗanɗana."

Gizo ya lasa, ya tofar. Ya sake lasa, ya yi atishawa. Ya lasa na uku, ya ce, "Allah ya kiyashe ni! Rigar dai ce maganin, ɗacin na bar maka."

Ja'irin sai ya samo garin ɗorawa, ya kwaɓa da zuma don ya kama jiki, ya shafe kansa kaf, ya ɗiɗɗiga gawayi. Ya fito yana taƙama.

Tsattsewa ta gan shi, ta kauce. Hankaka ya gan shi, ya kauce. Balbela ta zo za ta kauce, sai ta ga kiyashi sun yi layi a bayansa.

"Ikon Allah! Yaushe kiyashi suka fara bin ɗaci?"

"Rakiya suka yo mini," in ji Gizo.

Ta kai baki ta lasa. "Jama'a, ku zo! Wannan na zuma ne!"

Wayyo, 'ya'yan nan, ku ga gudu! Gizo ya faɗa kan ganyen nan yana cusawa hannu baka hannu ƙwarya, yana hawaye, yana ihu, "Ku dakata in yi ɗaci tukuna!"

Ɗan Damisa na bisa reshe, dariya har da riƙe ciki. "Haba Gizo, ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Da ƙyar Gizo ya shige rami, an lashe shi tas, ga ɗaci a baki. Shi ya sa har yau ba ya barin lungu.

To kun ji: wanda ya ƙi shan ɗaci, kada ya ari rigar waɗanda suka sha.

Ƙungurus kan kusu. Tabawa, kai ƙanenki shimfiɗa, ya yi barci tun a bakin teku.