Ranar da Ladingo Ta Maƙale a Lungun Auta

Dalilin da ya sa jajayen ƙwayoyin jininku ba su da kundin gado a cikinsu, ku matso ku ji. Kai Mudi, bar sosa ƙurjin nan haka, labarin 'yan aikinka nake bayarwa!

A da can, kowace ƙwaya a jiki da kundinta take yawo, ɗaure tamau a ciki. Kundin nan, wanda likitoci ke ce wa DNA, shi ke faɗa mata yadda za ta gyara kanta in ta ji ciwo, da yadda za ta haihu. Su kuwa jajayen nan 'yan dako ne. Su ɗebo iska a huhu, su bi gida-gida suna rabawa.

A cikinsu akwai wata Ladingo, jajawur da ita, ga fara'a, ga tumbi saboda kundi. Ran nan aka aike ta wurin Auta, ƙaramin yatsan ƙafa, can ƙarshen gari. Hanya ta yi ta tsukewa, titi ya koma lungu, lungu ya koma abin da bai kai silin gashi ba. Sai Ladingo ta maƙale. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Daga ciki ta jiyo murya ƙasa-ƙasa: "Yaya Ladingo, ke ce? Numfashina ya kusa ƙarewa, na yi sanyi ƙalau."

"Ga ni nan, Auta, daure!"

Ta yunƙura, kundi ya tokare. Ta karkace, ya sake tokarewa. 'Yan'uwanta sun yi layi a baya suna ta ihu, "Baiwar Allah, ki matsa mana!" Auta kuwa ya yi shiru. Shirun nan ne ya tayar mata da hankali, tsoro ya kama ta sosai.

Ta dubi kundin da ba ta taɓa rabuwa da shi ba tun haihuwarta, ta ce, "Yau dai sai haƙuri." Ta kwance shi ta yar. Ai kuwa cikinta ya lotsa, ta naɗe kamar tabarma, sulul ta wuce! Ta juye wa Auta iskar duka. Auta ya ja numfashi, ya yi ɗumi, ya hau rawa yana cewa, "Yaya, ƙaro, ƙaro!" Ladingo ta yi dariya har da hawaye.

Da ta koma gida cikin ƙashi, uwarsu Inna Ɓargo ta ƙare mata kallo.

"Ke 'yar nan, ina kundinki?"

"Na yar, Inna."

"Kin yar! Kin san ba ki ƙara haihuwa? In kin yage ba mai ɗinke ki. Wata huɗu kawai za ki yi a duniya."

"Inna, ke ai naki yana nan. Ki haifa, mu mu kai. Dubi wurin da ya buɗe a cikina, iska nawa zai ci!"

"To me za ki ci ke? Ko iskar mutane za ki riƙa ɗanɗana a hanya?"

"Haba Inna! Ɗan sukarin da ke yawo a jini ya ishe ni. Kayan aike ba na taɓawa."

Sai Inna ta rungume ta. "Ja'irar yarinya. Je ki. Ranar da kika gaji, ki sauka gidan Baba Saifa, shi zai aiko min da ƙarfen jikinki in ƙera ƙannenki da shi."

Sauran da suka ga Ladingo na shige kowane lungu tana waƙa, kowacce ta ce ita ma haka. Inna ta kafa doka: duk mai fita dako, ta ajiye kundi a bakin ƙofa. Na jikin shanu da awaki da mage duk suka bi. Na kaji da ƙadangaru ne suka murguɗa baki, suka ce su ba su ajiye gadonsu.

Shi ya sa har yau, in aka leƙa jininku a madubin likita, za a ga jajayen nan da lotsattsen ciki, ba kundi, na kaza kuwa kowacce rungume da nata. Mudi, motsa ƙaramin yatsanka in gani. Ya motsa? To, ƙannen Ladingo sun iso ke nan, ka ce musu sannu da aiki.