Hular Mai Sayar da Iri

Akwai wani mutum mai sayar da irin shuka a birni. Ya sa aka buɗe masa shafi a intanet domin manoma su riƙa saye daga ƙauyukansu. Da yake mutum ne mai son a san da shi, ya ɗora ƙaton hotonsa da babbar riga a farkon shafin, da bidiyon ranar buɗe shagonsa, masu nauyin gaske. Iri da farashi kuwa suna can ƙasa.

Kowace safiya yakan gwada shafin a shagonsa, inda sabis yake da ƙarfi, kwamfutarsa kuma ta riga ta ajiye hotunan. Kafin ƙiftawar ido shafi ya buɗe, sai ya ce, "Madalla."

Damina ta faɗi, buhunan masara da wake suna jibge ba mai saye. Hankalinsa ya tashi, gama in lokacin shuka ya wuce, jarinsa ya tafi ke nan.

Ran nan ya je ƙauye gaishe da yayarsa Rifkatu, ya tarar ta shuka irin da ta saya a kasuwa. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Haba Yaya! Ina da iri, ki saya a wurin wani?"

Ta miƙa masa wayarta. "Ungo, buɗe da kanka."

Ya danna, shiru. Can sai ga hularsa ta fito. Ya yi ta jira, da ƙyar goshinsa ya biyo baya.

Rifkatu ta ce, "Ƙanena, mu nan hularka kaɗai muka sani. Kafin fuskarka ta iso, data ta ƙare. Ruwan sama kuwa ba ya jiran kowa."

Kunya ta rufe shi. Ya koma ya cire bidiyon, ya rage nauyin hotunan, ya sa iri a gaba. Daga ran nan yakan ɗauki tsohuwar waya ya fita bayan gari inda sabis ba shi da ƙarfi, ba ya yarda da shafin sai ya ga ya buɗe a can. Ya sami masu sayen wake, amma masara lokacinta ya riga ya wuce.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin shi ne bisharar da Ubangiji ya danƙa mana, shafin kuwa rayuwarmu ce. Shagon shi ne sujadar Lahadi, inda kowa ya san mu, haƙuri ma bai da wuya. In a nan kaɗai muke gwada kanmu, kullum za mu ci jarrabawa. Ku gwada kanku a gida lokacin da kuka gaji, da wurin maƙwabcin da ba ya amsa gaisuwa. Ku kuma sauke girman kai, gama nauyinsa ne ke tare hanya. 'Yan'uwa, mutum nawa ne suka zo wurinku neman iri, suka koma ba su ga kome ba sai hula?