Sandunan da Genzaburo Ya Tumɓuke

Akwai wani safiyo, mai awon ƙasa, sunansa Genzaburo, a zamanin da ake sarar dajin Tokaci a tsibirin Hokkaido ana yanka wa baƙi gonaki. Mutum ne mai ji da kansa. In ya ja layi da sarƙar awo, ko kogi ya tare shi sai ya ji kamar ya ce masa matsa.

Wata rana layinsa ya biyo ta kan wani tudu a bakin ruwa. Cikin ciyawa ya ga sanduna a kakkafe, masu sassaƙa a ka, wasu sun fara ruɓewa. Wani dattijo mai suna Sanikte, ɗan ƙabilar Ainu, 'yan asalin wurin, ya zo ya tsaya daga nesa, ya ƙi ƙarasowa.

"Yallaɓai, ka ɗan karkata layin nan. Mutanenmu ne kwance a nan."

Genzaburo ya yi dariya. "Haba tsoho! Makabarta ba dutse, ba turare, ko hanyar ƙafa babu? Mu duk shekara sai mun share kabarin kakanni mun zuba masa ruwa. Kai yaushe rabonka da nan?"

"Mu ba ma dawowa. In mun binne mutum, sai mu kafa masa sanda mu juya, ba waiwaye. Ita yake dogarawa ya yi tafiyarsa. Ranar da ta ruɓe ta faɗi da kanta, to ya isa."

"Ashe ma rage musu jira zan yi," in ji Genzaburo. Ya tumɓuke sandunan ya watsar a kwari. A taswira ya rubuta: fili, babu kowa.

Abin takaici, da aka zo rabon gonaki shi ya zaɓi tudun. Ya gina gidan katako, ya ɗauko matarsa Osato da 'yarsu Kinu daga kudu. Wake ya yi kyau, dankali ya yi kyau, har maƙwabta suna zuwa kallo.

A kaka ta uku Kinu, 'yar shekara bakwai, ta soma ramewa. Ba zazzaɓi, ba tari. Likita ya zo daga gari ya duba, bai ga komai ba. Ita dai kullum tana zaune a ƙofa da rana tsaka, ido a kan gona.

"Baba, su wane ne tsofaffin can da ke tsaye cikin wakenmu? Sai su ɗaga ƙafa su mayar. Wai ba su da abin dogarawa."

Ya duba, wake kawai ya gani.

Osato ta ajiye tukunya ta kalle shi. "Maigida, me ka yi a ƙasar nan kafin ka kawo mu? Ka faɗa min, 'yata tana ƙarewa."

Kwana biyu ya yi yana tafiya kafin ya kai inda hukuma ta mayar da su Sanikte bayan rabon gonaki. Ya durƙusa, goshi a ƙasa, ya faɗi komai.

Dattijon ya ce, "Sanda nawa ka cire?"

"Goma sha ɗaya. Ni ba na kuskuren ƙidaya."

Dangin mamatan suka taru suka sassaƙa sanduna goma sha ɗaya, kowace da zanen gidan mai ita. Sanikte ya ce, "Ni ba zan taka wurin ba. Ka kafa kowace a inda ka cire ta."

A nan dai aikin Genzaburo ya yi masa rana. Ya tuge waken, ya ja sarƙa daga bakin ruwa, ya tuno gurbin kowace ya kafa. Da ya gama ya nufo ƙofa.

Kinu ta yi murmushi. "Baba, sun tafi, ga su can suna gangarawa." Har Osato ta fara kukan murna, sai yarinyar ta ƙara, "Saura ɗaya. Yarinya ce kamata. Ta ce ba ta san hanya ba, wai in raka ta."

Sai a lokacin Genzaburo ya tuna. Akwai wata 'yar guntuwar sanda da ko gwiwa ba ta kai ba. Ya ɗauka reshe ne, ya cusa ta a wuta ƙarƙashin butar shayi ranar. Bai ƙidaya ta ba, bai kuma dubi inda ya zare ta ba.

Wayyo, mutumin da ya auna rabin Tokaci! Ya koma da gudu aka sassaƙa masa ƙarama. Ya kafa nan, ya ɗago: "Kinu, nan ne?" Ta girgiza kai. Ya matsa taku ɗaya ya sake kafawa. Kwana tara yana haka. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Kinu ta cika.

Ba a sake noma tudun ba. Ya sake samun haihuwa, har jikokinsa suka taso suka tarar da shi tsoho tukuf, a duƙe cikin ciyawa da 'yar sanda a hannu. Ya kafa, ya ɗago ya dubi ƙofa, ya ce, "Nan ne?"

Darasi: Don mutane ba su girmama abu irin yadda ka saba ba, ba shi ke nuna ba su girmama shi ba. In ka sauka ƙasar wasu, ka saurari masu ita kafin ka taɓa komai, domin wata ɓarnar ko ka yi nadama ba ta gyaruwa, kuma wanda bai ji ba bai gani ba ne ke shan wahalarta. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya tsaya ya saurara.